Wandon da Ya Sa Aka Kore Ni Daga Ɗakin Gumi

Sau biyu aka kore ni daga ɗakin gumi a ƙasar Turai. Karo na farko sun ce wandona ya cika tsawo da faɗi. Karo na biyu sun ce laifina shi ne ina da wando a jikina. Nisan garuruwan biyu bai kai daga Dakoro zuwa Maraɗi ba, kogi ɗaya ne a tsakaninsu, amma a duka wuraren kalma ɗaya aka jefe ni da ita: tsabta.

Sunana Lawali, ma'aikacin elbaj ne ni, wato ma'aikatar kiwo, cikin masu bin rugage da kasuwanni suna yi wa bisashe allurar rigakafi. Na yi shekaru ina wannan aiki tsakanin Dakoro, Ajekoriya da Ɗan Gulbi kafin in samu gurbin ƙaro karatu kan kiwon shanun madara. A Ajekoriya ne wani bajimi ya taɓa matse ni da ƙarfen shingen allura, sai da makiyaya uku suka janye shi daga kaina. Tun ranar ƙuguna bai koma daidai ba. A gida ciwon bai cika damuna ba, zafin ƙasarmu yana kwantar da shi. Ban gane haka ba sai da na rabu da zafin.

Zangona na farko wani ƙaramin gari ne a gabashin Faransa, inda lekol ɗinmu, wato makarantar, take. Mutumin da ya ba ni hayar ɗaki ya aiko mini da hoton ɗakin tun ina gida, da gado mai kyau da shofaj, ƙarfen nan da ke ɗumama ɗaki. Da na iso na tarar da gadon, na tarar da shofaj ɗin, sai dai ya mutu tun ban san yaushe ba. Duk sanda na kira mutumin sai ya ce mai gyara na zuwa mako mai zuwa. Makon nan bai zo ba har ganyen itatuwa ya zube, har ruwan da nake bari a buta kusa da taga ya fara daskarewa daga sama. Da riguna uku nake kwana, da hular sanyi. Ranar da na ce masa zan kai ƙara, sai ya tambaye ni cikin murya mai laushi ko na san ɗalibai nawa ke jiran ɗakin. Na sani, sai na bar maganar ƙarar.

A wata na uku ƙugun ya tashi. Ta kai ina sallah a zaune kamar tsoho, in zan ɗaure takalmi sai na dafa bango. Likitan lekol ya duba ni, ya ba ni ƙwayoyi, sannan ya ce abin da jikina ke nema shi ne zafi. Ya ce in je gidan motsa jiki na garin, akwai sona a ciki. Ban san kalmar ba, ya yi mini bayani: ɗan ɗaki ne na katako, da murhu cike da duwatsu masu zafi, mutum ya shiga ya zauna ya yi zufa ya fito. Kamar sirace, amma na jiki duka.

Na kira matata Dije na gaya mata. Ta yi ta dariya har ɗiyarmu Nana ta shiga tambayar abin da ya faru.

"Ashe jego ka tahi yi, Baban Nana," in ji ta. "To ka ce su dama maka kunun kanwa."

Ina da wani wandon ƙwallo da na saya a kasuwar Dakoro, mai sauka har ƙasan gwiwa. Na wanke shi, na shanya a kan mataccen shofaj ɗin nan, wanda aikin da ya iya ke nan. Washegari na tafi. Na yi wanka a wurinsu, na sa wandon, na rataya sarbetin goge jiki a kafaɗa, na shiga. Maza biyu na tarar a ciki. Zafin ya rufe ni, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga baya. Ban fi minti biyu da zama ba sai matar da ke kula da wurin ta buɗe ƙofa.

"Mushe," in ji ta, wato malam a Faransanci, "ba a shiga nan da wannan."

"Da wanne, Madam?"

"Da wandon nan. Mayo ake sawa, na iyo." Ta nuna mini ɗaya daga cikin mazan. Abin da ke jikinsa bai fi tafin hannuna biyu ba. A garinmu ko yaron da ba a yi wa kaciya ba sai an ƙara masa wani abu a kai.

Na fito muka tsaya a bakin ƙofa. Na ce mata a wurinmu namiji yana rufe daga cibiya zuwa gwiwa, kuma ban ga wanda wandona ya cuta ba.

"Saboda tsabta ne," in ji ta. "Irin wannan wandon mutane na yawo da shi a titi, su zauna da shi a bas, sannan su shigo mana da dattin."

"Jiya na wanke shi da hannuna. Kuma wa zai fita titi da gajeren wando a wannan sanyi?"

"Ba ni na yi dokar ba."

Ƙofar ba ta gama rufuwa ba, don haka na ji abin da ɗayan ya ce wa abokinsa: "Komai sai an koya musu." Faransanci nake ji tun ina ɗan shekara bakwai, ba kalmar da ta wuce ni. Na tsaya ruwa na ɗiga daga jikina. Ni da nake wanke fuska da hannu da ƙafa sau biyar a rana, ni da ban taɓa fitowa daga bayi ban yi tsarki da ruwa ba, ni za a koya wa tsabta. Na sa kayana na koma ɗakina mai sanyi, raina a ɓace.

Ciwo ya fi fushi ƙarfi. Bayan kwana huɗu na shiga wani kantin kayan wasanni na yi ta bincike har na samu wani mayo mai tsawo, irin na masu gasar iyo, yana kama jiki amma ya kai gwiwa. Na ja shi har saman cibiya, na ɗaura sarbeti a kai kamar zane, na koma. Matar ta dube ni daga sama har ƙasa, ta sa na ɗaga sarbetin ta ga mayon, ta ce wannan ya yi. Gaskiya daga baya ta kyautata mini. Ita ta koya mini sauran ladubban wurin: a yi wanka kafin a shiga, a bar takalmi a waje, a shimfiɗa sarbeti don kada zufa ta taɓa katako, a rufe ƙofa da sauri, ba a hira da ƙarfi. Duk na riƙe, don abubuwa ne masu ma'ana.

Ɗakin gumin nan ya zame mini gida a wannan hunturu. In na hau bencin sama na rufe ido, sai in ji ni a kasuwar bisashe ta Dakoro a tsakiyar bazara, lokacin da iska kanta ke ƙona hanci, dillalai sun fake a inuwar kamiyo, manyan motocin kaya, suna jayayya. Akwai ranar da na yi kuka a ciki ba wanda ya sani, don kowa fuskarsa a jiƙe take. Ƙuguna ya saki, na koma sallah a tsaye. Na ce a raina, to, na gane dokar Turawa, an wuce wurin.

Da shekara ta zagayo aka raba mu istaj, kowa aka tura shi gona ya yi wata shida yana aiki da hannunsa. Ni aka tura ni ƙetaren kogi, ƙasar Jamus, gidan wani tsoho mai suna Gunta da matarsa Halga. Shanu ne da su masu yawa, baƙaƙe da fari, kowace hantsarta kamar tulu. Tsohon yana jin Faransanci don a bakin iyaka ya tashi, ni kuma Jamusancina bai wuce gaisuwa da sunayen kayan aiki ba. Mutanen kirki ne. Tun ranar farko Halga ta ware mini tukunya da cokali, ta ce naman alade ba zai taɓa su ba. Ɗakina kuwa da ɗumi.

Amma aikin ba ya tausayin ƙugu. Tatsa tun kafin gari ya waye, a tsaye kan siminti mai sanyi, ga ɗaukar maruƙa, ga turin baro. Cikin wata biyu ciwon ya dawo fiye da na da. Ban gaya wa tsohon ba, don takardar da zai rubuta a kaina a ƙarshen istaj ita ce rabin sakamakona, ban so ya ga kamar rago aka aiko masa. Wata Asabar da la'asar na ɗauki keken gidan, na sa mayona da sarbeti a jaka, na tafi garin da ke kusa. Na ga gidan motsa jiki a can, kuma na ga kalmar sona a jikin allonsu.

Na yi komai yadda aka koya mini. Na kulle kayana da wayata ta salula da tabarau a akwatin ajiya. Na yi wanka. A jikin ƙofar ɗakin gumin akwai rubutun Jamusanci da zanen wando an ja masa jan layi. Na yi murmushi, na ce na san wannan, wando mai faɗi suke nufi, ni kuwa na riga na wuce ajin nan. Abu ɗaya na riƙe a hannu cikin sarbeti: wani ɗan gwangwanin man zafi da Dije ta aiko mini, baƙi, mai faɗi, wanda nake shafawa a ƙugu in jiki ya ɗau zafi.

Ɗakin babba ne, fitilarsa ja ce mara haske, ni kuma ba tabarau. Na ga dai mutane sun cika benci. Na samu wuri a ƙasa, na shimfiɗa sarbeti na zauna. Sai da idona ya saba da duhun sannan na ga abin da ke gabana. Tsirara suke. Dukansu. Maza da mata, tsofaffi da matasa, kowa zaune kan sarbetinsa yadda uwarsa ta haife shi. Dab da ni wata dattijuwa ce da ta kai sa'ar mahaifiyata.

Na sunkuyar da kai na ce innalillahi a zuciyata. Na yunƙura zan fita, daidai lokacin wani ma'aikaci ya shigo da bokiti ya rufe ƙofa, ya fara zuba ruwa a kan duwatsu yana kaɗa tururin da wani ƙyalle. Wani mutum kusa da ƙofa ya ɗaga mini hannu, alamar in zauna. Daga baya na ji cewa in an fara zuba ruwan ba a son a buɗe ƙofa sai an gama. Na koma na zauna, na kafa idona a kan yatsun ƙafata, na damƙe gwangwanin nan kamar shi zai cece ni. Ban san minti nawa aka yi ba. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ina jin ana gunaguni a bayana, ina jin wata murya ta mace tana ƙara tashi.

Ana buɗe ƙofa na fita. Ban kai ga akwatin kayana ba ma'aikacin ya tare ni, ya kai ni buron shef ɗin wurin, wato ofishin shugabansu, ina jiƙe, daga ni sai mayo da sarbeti. Shef ɗin saurayi ne mai faɗin ƙirji, yana ɗan jin Faransanci. Wata mata ta biyo mu, ta sa rigar wanka fara, fuskarta ja wur, tana magana tana nuna ni da yatsa.

"Ba a shiga sona da tufafi," in ji shef ɗin. "An rubuta a ƙofa. Mayo roba ne, yana riƙe zufa da datti. Rashin tsabta ne."

Na kusa yin dariya don takaici. Na ce masa a ƙetaren kogin nan an kore ni don ban sa mayo ba, kuma su ma tsabta suka ce.

"Can Faransa ne. Nan Jamus ne." Ya gyara zama. "Amma ba wannan ce babbar maganar ba. Wannan matar ta ce ka shigo da tufafinka don ka kalli mutane. Ta ce ka ɓoye salula a cikin sarbeti kana ɗaukar hoto."

Sai da ya maimaita sannan na fahimta. Na buɗe hannuna na ajiye gwangwanin a kan teburinsa. Ya buɗe, ya shinshina, warin ya sa ya kau da kai. Na ɗauka magana ta ƙare. Matar ta ce wani abu da sauri, shi kuma ya fassara: ta ce na iya musanyawa a hanya, ta ce duk zaman da na yi kaina na ƙasa ina kallon abin da ke hannuna, kuma mai gaskiya ba ya ɓoye fuskarsa haka.

Ni da ban taɓa ganin gwiwar mahaifina ba har ya koma ga Allah. Ni da in na tarar da mata na wanka a bakin tabki a daji nake juya babur in yi zagayen da zai ci mini rabin sa'a. Kunyar da aka raine ni da ita, ita ce ta zama shaidar laifina.

"Abu biyu ne," in ji shef ɗin. "Ko ka buɗe mana salularka mu duba, ko in kira polis su duba."

Baƙo mai takardar zama ta shekara ɗaya ya san abin da kalmar polis ke nufi, ko da gaskiyarsa. Na san in sunana ya shiga takardarsu da irin wannan zargi, lekol za ta ji, masu sabunta takardar zama za su ji, kuma labari zai riga ni isa Dakoro. Ma'aikacin ya raka ni, a gabansa na buɗe akwatin da ke kulle, a gabansa na ciro salular daga aljihun wandona. Wannan kaɗai ya isa hujja ga mai neman hujja. Duk da haka suka ce sai an duba.

Shef ɗin ya riƙe ta, matar ta leƙo ta kafaɗarsa, ma'aikacin ma ya matso. Ya fara turawa da yatsa. Shanu. Hantsar saniya mai ciwo. Maraƙi. Takardun darasi. Nana da kayan lekol. Sannan ya iso kan wani hoto da Dije ta aiko mini da ƙaramar sallah. A ɗakinmu ta ɗauka, a bakin gado, ba kallabi, sabon kitso a kanta, da ƴar rigar da ba ta fita ko tsakar gida da ita. Ni kaɗai aka yi wa hoton nan. Ko ƙanena bai taɓa ganin gashin kanta ba.

Na ce, "Wannan matata ce. Ku wuce."

Bai wuce da sauri ba. Ba na cewa da mugunta ya yi, a wurinsa hoto ne kawai na wata mata a zaune. Amma mutum uku suka tsaya suna kallonta, ni kuma ina tsaye a gabansu ba riga, ba abin da zan iya. Don in tabbatar musu ban kalli tsiraicinsu ba, sai da suka kalli abin da na fi suturtawa a duniya.

Ba su samu komai ba. Matar ta ɗaga kafaɗa ta fita, ko kallona ba ta yi ba. Shef ɗin ya miƙo mini salular, ya buga wata takarda ya ba ni, ya ce an hana ni shiga wurin saboda na karya doka kuma na tayar wa mata hankali. Na tuka keken nan zuwa gona, ban ko ji ciwon ƙugun ba.

Kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Amma garin ƙarami ne, kuma baƙin mutum ɗaya ne ke aiki a gonakin yankin. Ranar Talata muna wanke injin tatsa, Gunta ya kashe ruwa ya ce, "Lawali, mai kawo mana abincin shanu ya ba ni wani labari. Ina so in ji daga bakinka."

Na gaya masa duka, har da ƙugun da nake ɓoyewa. Na kawo masa takardar. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu, wuyansa na ƙara ja.

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba kafin ka je?"

"Baba, na ɗauka na san dokar."

"Ka san ta Faransawa." Ya ninke takardar. "Tun ina yaro nake shiga sona ba komai a jikina, da ubana da uwata da kowa. A wurinmu ba abin kallo ba ne, kuma wanda ya shigo da tufafi shi ke sa mutane su tsargu. Wannan gaskiya ne, sai ka sani. Amma dokar mayo ta hana, ba ta hana mutum ya ɗaura sarbeti ba. Da sun gaya maka haka cikin kalma biyu, da an gama. Abin da suka yi maka da salula kuwa, ba su da ikon yi. Sa rigarka."

Muka shiga motarsa da takalman aikinmu. A buron shef ɗin tsohon ya yi magana mai tsawo da Jamusanci, bai ɗaga murya ba, amma ya buga teburin da yatsa sau da yawa. Saurayin ya yi ta gyara zama. A ƙarshe ya juyo gare ni ya ce an samu rashin fahimta, kuma za su janye hanin. Sai dai in sa hannu a wata takarda, don a rufe maganar. Na ce Gunta ya fassara mini ita kalma bayan kalma. Takardar ta ce na amince na karya dokar tufafi, kuma ina ba da haƙuri kan halin da na nuna wanda ya sa mata suka ji ba su da kwanciyar hankali.

Na ce, "Rabin farko gaskiya ne. Na shiga da mayo, ban iya karanta ƙofarku ba. Wannan zan sa masa hannu. Rabi na biyu wane hali na nuna? Ƙasa na kalla."

"Haka ake rubutawa kawai," in ji shef ɗin.

"To a rubuta kuma cewa an yi mini ƙazafi, an bincike ni, ba a samu komai ba. A rubuta cewa mutum uku sun kalli hoton matata ba da izinina ba. In an rubuta wannan, kai ka sa hannu, ni ma in sa."

Ya ce ba zai iya ba, sai ya tambayi na sama da shi. Na ce to ni ma ba zan iya ba. Gunta ya dube ni, na ga kamar zai ce in sassauta, sai kuma ya ɗauki hularsa ya miƙe. Har na bar ƙasar ba wanda ya ba ni haƙuri, kuma hanin yana nan, ina jin har yau sunana na cikin injinsu na rajista a matsayin mutumin da ke tayar wa mata hankali.

Tsohon ya tuƙa mu muka koma gona. Da muka isa, maimakon ya tsaya a ƙofar gida sai ya zagaya bayan rumbun ciyawa, inda wata ƴar bukkar katako take, wadda na ɗauka ma'ajiyar tarkace ce. Ya buɗe. Tsofaffin tayoyi ne a ciki da buhuna, a ƙarƙashinsu kuma benci biyu da murhu da duwatsu. Ya ce ubansa ne ya gina ta, an daina hura ta tun da gwiwoyin Halga suka hana ta hawa bencin. Yini guda muka yi muna kwashe kaya muna wankewa.

Ranar Lahadi ya hura wuta. Na tsaya a waje ina tunanin yadda zan gaya wa dattijon da ya tsaya mini cewa shi ma ba zan iya zama da shi tsirara ba. Sai ga shi ya fito daga gida ɗaure da wani zanen teburin Halga mai furanni, tun daga ƙirji har ƙwauri, ya riƙe shi da hannu biyu don bai iya ɗauri ba. Halga na bakin taga tana dariya har da share hawaye.

"Haka ya yi?" ya tambaye ni.

"Ya yi, Baba. Har ya wuce."

"To kai ma ka cire robar nan, ka ɗaura auduga. Ba don tsabta ba. Tana ƙona fata ne kawai."

Na shiga bayan bukkar na cire mayon, na ɗaura babban sarbeti, na nuna masa yadda ake soke bakin zane a ƙugu ya zauna. Duk Lahadi haka muka yi har istaj ya ƙare. Takardar da ya rubuta a kaina kuwa ba ta da aibu ko ɗaya.

Abu ɗaya na kasa, shi ne gaya wa Dije. Wata da watanni muna magana a salula, in na kai bakin maganar sai in koma tambayar Nana ko farashin gero. Sai da na dawo Dakoro, bayan ƴan taya murna sun watse, wata safiya tana tankaɗe a tsakar gida, na zauna kan turmi na ba ta labarin tun daga farko. Ta yi dariya a wurin wandon ƙwallo da mayo. Da na zo kan buron shef ɗin da salular, sai hannunta ya tsaya a kan rariya.

"Wane hoton?"

"Na ƙaramar sallah."

Ta kau da kai. Ina kallon kunnenta, ina jiran kuka ko faɗa, kuma duk wanda ya zo na san na cancanta, don ni na buɗe musu da hannuna.

"Su nawa?"

"Uku. Maza biyu da mace."

"Da ba ka buɗe ba, mi za su yi maka?"

"Polis za su kira."

Ta ci gaba da tankaɗenta, a hankali, garin na zuba a ƙwarya.

"Na goge shi tun ranar," na ce.

Ta ɗago ta dube ni, kuma a nan ne na ga ranta ya ɓaci.

"Don mi? Kai na aika wa, Baban Nana. Su suka leƙa abin da ba nasu ba, sai kai ka rasa shi?" Ta karkaɗe hannunta a zane. "Jibi za a yi mini kitso. Ka sa wa salularka caji, ka ɗauki wani."